JINYAR AKUYA MARAS LAFIYA: ALLURA KAƊAI BA TA TADA BISA



A ƙasarmu akuya ita ce asusun gida. Ita ke ba da nonon da ake dama wa yaro, ita ake kaiwa kasuwa in rumbu ya ƙare, ita ake yankawa ran suna. Jar akuyar Maradi kuwa sunanta ya kai nesa saboda yawan haihuwarta da kyan fatarta, har gwamnati ta buɗe mata cibiya ta musamman a Maradi a shekarar 1963. To amma ran da akuyar nan ta kwanta ciwo, me muke yi mata?

Galibi abu biyu ne. Ko a kira a yi mata allura ɗaya a bar ta a turke cikin rana, ko a yi maza a kai wa mahauci ya saya da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Alhali sau da yawa ba cutar kaɗai ke kashe bisa ba. Ƙishirwa, yunwa, zafin rana da sanyin dare su ke ƙarasa ta. Magani aikin lokotoron dabbobi ne. Jinya kuwa aikinku ne, kuma ba ta cin kuɗi sai lura da haƙuri. Abin da za mu faɗa a kan akuya, haka yake ga tunkiya.

1. KU GANE CIWO TUN DA WURI

Kowace safiya, kafin a kore awaki daji, ku tsaya ku dube su. Akuya mai lafiya idonta tar, kunnenta na motsi, tana tuƙa in ta kwanta, kashinta ƙwaya-ƙwaya. Ku yi shakkar wadda:

- ta ware kanta, ta sunkuyar da kai, gashinta ya tashi;
- ta bar ci, ko ta bar tuƙa;
- take majina, tari, ko kwantsa ta rufe mata ido;
- zawo ya ɓata mata gindi da wutsiya;
- take zama ta baya in garke ya taso.

In kun ga haka, ku kama ta ku yi mata gwaji huɗu:

Fata. Ku tsunkuli fatar wuyanta ku ja, ku saki. In ta koma nan take, da ruwa a jikinta. In ta tsaya a tattare kafin ta koma, ga ido ya faɗa ciki, ruwan jikinta ya yi ƙasa ƙwarai.

Ido. Ku ja fatar ido ta ƙasa ku duba cikinta. Ja-ja mai haske alamar jini ne. In ta yi fari fat, jini ya ƙare, kuma sau tari tsutsar ciki ce ta shanye shi, musamman da damana da farkon kaka. Irin wannan akuya wani lokaci ƙarƙashin haɓarta yakan kumbura kamar an zuba ruwa.

Ciki. Ku ɗora hannu a kwiɓinta na hagu. Tumbi mai aiki yakan motsa sau ɗaya ko biyu a cikin minti. In shiru ne, ciki ya tsaya. In ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, wannan na gaggawa ne, a kira taimako yanzu-yanzu.

Zafin jiki. Mai ma'aunin zafi ya sa shi a duburarta minti ɗaya, da safe kafin rana ta yi zafi. Zafin jikin akuya mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da rabi zuwa kusan 40. In ya haura 40 da safe, zazzaɓi ne. In ya faɗi ƙasa da 38, jikinta ya fara sanyi, kuma wannan ya fi zazzaɓi haɗari.

2. KU WARE TA, KU KIRA MAI SANI

Abu na farko, ku cire ta daga cikin sauran. Ku yi mata wuri nata, nesa da turken garke, da kwanon ruwanta daban da abin cin abincinta daban. Kada ta je rijiya ko tabki tare da bisashen gari, kada ta bi makiyayi.

Na biyu, ku sanar da malamin kiwo na ƙaramar hukumarku, ko mataimakin lokotoro da aka horar a garinku. Kada ku jira sai ta kasa tashi. Ku gaya masa ranar da ciwon ya fara, abin da ta ci, ko akwai wata bisa da aka sayo daga kasuwa kwanan nan, da ko an yi wa garken allurar rigakafi.

In awaki biyu ko uku suka kamu lokaci guda da zazzaɓi, majina, kwantsa, gyambon baki da zawo mai wari, ku yi zaton annobar awaki da tumaki wadda lokotoro ke kira PPR. An fara gano ta a ƙasar Kodibuwa a 1942. Tana bin numfashi, majina da kashi, kuma kwana 4 zuwa 6 bayan bisa ta ɗauka sai ciwo ya bayyana. Ba ta kama mutum, amma tana iya share turke, musamman ƴan awaki. Babu allurar da ke kashe ƙwayar cutar kanta. Allurar da lokotoro zai yi, don hana ciwon huhu ne da ke biyo baya. Saura duk jinya ce. Akuyar da ta tashi daga wannan ciwo ba ta sake kamuwa da shi har ƙarshen ranta. Kun ga ke nan wahalarku ba ta faɗi banza ba.

3. WURIN KWANCIYA

Mai jinya ya fara da inuwa. Da rani da bazara ku kafa mata ƴar rumfa, ko ku ɗaure ta gindin itace inda inuwar ba ta gushewa da tsakar rana. Da ɗari ku kare ta da zana daga gabas da arewa inda iska ke bugowa, ku shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa ko yayi, in sanyi ya yi yawa ku rufa mata tsohon buhu. Da damana ku nemi tudu inda ruwa ba ya kwanciya.

Ku share wurin kullum. Kashin da shimfiɗar da ta ɓaci ku ƙone ko ku binne, ku barbaɗa toka a wurin. Igiya ta zama mai tsawo, don bisa maras ƙarfi takan harɗe ta shaƙe kanta.

In ta kasa tashi, kada ku bar ta kwance a gefe guda ta miƙe ƙafafu. Akuyar da ta kwanta haka ba ta iya gyatsa, cikinta sai ya kumbura. Ku zaunar da ita a kan ƙirjinta, ƙafafu a lanƙwashe ƙarƙashinta, ku tokare ta da buhun ƙaiƙayi ko damin kara. Ku juya ta ɗaya gefen bayan kowane awa 3 ko 4. Safe da yamma ku ɗaga ta tsaye na ɗan lokaci, ku murza mata ƙafafu don jini ya zaga.

4. RUWA SHI NE KAN GABA

Akuya na iya yin kwanaki ba ta ci sosai ba ta rayu. Amma mai zawo ko zazzaɓi, in ba ruwa, kwana ɗaya ko biyu ya ishe ta. Babbar akuya na bukatar lita 2 zuwa 4 a yini, da zafi ma fiye. Ku ajiye mata ruwa mai tsabta, irin wanda ku kanku za ku sha, inda bakinta zai kai ba sai ta tashi ba.

Mai zawo ba ruwa kaɗai take zubarwa ba, har da gishirin jikinta. Sai a haɗa mata ruwan gishiri:

- Mafi kyau shi ne ƙunshin garin nan da ake ba yara masu zawo a likita. A zuba ƙunshi ɗaya a cikin yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa.
- In babu, a tafasa ruwa lita ɗaya a bar shi ya huce, a zuba gishiri rabin ƙaramin cokali da zuma babban cokali biyu. Ga ɗan akuya mai shan nono, zuma ta fi sukari, don cikinsa bai iya narkar da sukarin shayi ba, yana ma iya ƙara masa zawo.
- Kada ku ƙara gishiri wai don ya fi ƙarfi. Gishiri mai yawa guba ne.
- Abin da ya kwana a zubar, a haɗa sabo.

Babbar akuya a ba ta rabin lita, sau huɗu zuwa shida a yini. Ɗan akuya a ba shi ƙaramin kofin shayi ɗaya ko biyu, sau shida a yini, tsakanin shan nono. Kada a hana shi nonon uwarsa don yana zawo. Nonon shi ne ƙarfinsa.

Yadda ake ɗura: in ba ta sha da kanta, ku sami kwalba mai dogon wuya ko sirinji marar allura. Ku riƙe kanta daidai, ko a ɗan ɗaga kaɗan, kada hancinta ya kalli sama. Ku sa bakin kwalbar ta gefen baki, ku zuba kaɗan, ku jira ta haɗiye. Kada ku riƙe harshenta, kada ku toshe mata hanci. In ta yi tari, ku tsaya, ku sunkuyar da kanta. Ruwan da ya bi hanyar iska yana sauka a huhu, kuma awaki da yawa ɗura ce ta kashe su, ba ciwo ba. Wadda ba ta iya haɗiya sam, kada a ɗura mata komai, wannan sai lokotoro.

5. ABINCIN MAI JINYA

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce, “Bari mu ba ta hatsi ta yi ƙarfi.” A tula mata gero ko dawa, ko ragowar tuwo. Tumbin da ya yi kwanaki bai aiki ba, in hatsi ya cika shi, sai ya yi tsami, ciki ya kumbura, zawo ya dawo, wani lokaci ta mutu.

Ganye shi ke tada tumbi. Ku fara da abin da akuya ke so: ganyen gawo da ƴaƴansa, waɗanda Allah ya hore mana su da rani a gonakin Tasawa da kwarin Gulbin Kaba, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Sai ganyen magarya, na aduwa, harawar wake ko ta gujiya mai kyau wadda ba ta yi fumfuna ba. Ku rataye ganyen daidai bakinta, don akuya ba ta son abin da aka taka. Ku ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa, abin da ta bari ku kwashe.

In gyambon baki ya hana ta tauna, ku dama mata dussa da ruwan ɗumi ruwa-ruwa, da ɗan gishiri, cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, safe da yamma. In ta fara tuƙa, ku riƙa ƙarawa a hankali, har da kowar wake da ɗan tunkuza. Ku ajiye mata gishiri ko ƴar kanwa ta lasa da kanta.

Ku kiyaye ta da gyauron dawa, da ɗanyar ciyawar farkon damana in cikinta wayam yake, da leda. Bisa mai yunwa takan haɗiyi leda a juji, ledar ta dunƙule a tumbi, ta yi ta rama alhali tana ci. Wannan ba kafso ko allurar da ke fid da ita.

6. IDO, HANCI, BAKI DA GINDI

Sau biyu a yini ku jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Ku goge kwantsa har ido ya buɗe, don wadda ba ta gani ba ta ci. Ku jiƙa busasshiyar majina ku cire ta a hankali don numfashi ya samu hanya. Ku wanke gyambon baki, amma kada ku ɓamɓare ɓawon da ƙarfi, kada ku goga masa barkono, kalanzir ko baƙin mai.

Ku wanke gindi da wutsiya inda zawo ya manne. In aka bari, ƙudaje za su yi ƙwai, tsutsa ta shiga nama. Ku duba kunne, ƙarƙashin wutsiya da tsakanin kofato, ku cire kaska.

Mai jinya ya fara kula da masu lafiya, sannan ya zo wurin maras lafiya. In ya gama ya wanke hannu da sabulu. Tsumman kuma kada a taɓa wata bisa da shi.

7. ƊAN AKUYA

Ɗan akuya ba shi da ajiyar ƙarfi, dare ɗaya na sanyi ya isa ya tafi da shi. Wanda aka haifa, dole ya sha dakashi tun a awowin farko, domin a cikinsa kariyarsa daga cututtuka take. In uwar ba ta da lafiya ko ta ƙi shi, ku tatsa ku ba shi, ko ku kama wata sabuwar haihuwa ya sha.

In kun tarar da shi kwance, ku sa yatsa a bakinsa. In bakin da sanyi kuma ba ya tsotsa, kada ku ɗura masa nono. Ku fara ɗumama shi: ku goge shi, ku naɗe shi a zane, ku kai shi ɗaki kusa da wuta amma ba gab da ita ba. Ku shafa masa ƴar zuma a dasashi. In ya fara ɗaga kai yana tsotsar yatsa, to sannan a ba shi nono mai ɗumi kaɗan-kaɗan.

8. MAGANI: A BI ƘA'IDA

- Ku sayi magani a wurin lokotoro ko ma'ajiyar maganin dabbobi da hukuma ta sani. Na tebur a kasuwa ya sha rana, wani ya lalace, wani ma jabu ne.
- Kada ku fasa kafson mutane ku ɗura wa babbar akuya. Yana kashe ƙananan halittun da ke narkar mata da ciyawa a tumbi.
- Ana auna magani da nauyin bisa. In an rage, ba ya kashe cuta, sai ma ya sa ta saba da shi. In an ce kwana uku, a cika ukun ko da ta miƙe.
- Bayan allura ko maganin tsutsa akwai kwanakin da ba a shan nononta, ba a cin namanta. Suna rubuce a jikin kwalba. Ku tambaya.

9. INDA JINYA TA TSAYA

Akwai ciwon da ba a yi masa jinyar hannu, don yana kama mutum.

Bisar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci ko dubura bai daskarewa, ku yi zaton ciwon saifa. Kada a feɗe, kada a ci, kada a ɗauki fatar. A hana karnuka zuwa, a kira ma'aikatar kiwo.

In awaki suna ɓari da yawa a lokaci guda, kada a taɓa ɗan tayin ko mahaifa da hannu tsirara. A sa leda a hannu, a binne da zurfi. Mace mai ciki da yara su nisanci wurin, kuma a tafasa nono kafin a sha. A 2016 cutar zazzaɓin Rift ta ɓulla a jihar Tawa, wajen Cintabaradan da Tasara. Ta fara da ɓarin bisashe, daga baya ta kashe mutane, galibinsu makiyaya.

Haka kuma kada ku kai bisa maras lafiya kasuwa. Wanda ya saya ya kai garinsu, ya kai musu annoba, gobe kuma ta zagayo ta same ku.

10. ALAMUN SAUƘI

Sauƙin bisa tafiyar hawainiya ce, a hankali yake zuwa. Alama ta farko ita ce ta sha ruwa da kanta. Sai ta fara tsinkar ganye, sai tuƙa ta dawo, sai kashi ya fara haɗuwa, sai ta yi kuka in ta ji garke ya dawo. Kada ku yi gaggawar sakinta. Ku bar ta kusa da gida, ta yi kiwo safe da yamma, har mako 2 ko 3 bayan ciwon ya wuce, sannan ta koma cikin sauran. Kada a bar bunsuru ya hau ta sai jikinta ya murje.

In kuwa an yi kwana uku ana magani da jinya ba canji, ko ta bar haɗiya, ko numfashi ya yi tsanani, ku koma wurin malamin kiwo ya sake dubawa, ku yanke shawara tare.

11. DON KADA A SAKE

Dattawanmu sun san bushiya, annobar shanu da ta sha cinye garkuna a ƙasar nan. Allurar rigakafi ce ta kawar da ita, har aka bayyana a 2011 cewa babu ita a duniya baki ɗaya. A 2015, a taron Abijan, ƙasashen duniya suka ɗauki niyyar yi wa annobar awaki da tumaki haka nan da shekarar 2030. Allura ɗaya tana kare akuya aƙalla shekara 3. In masu allura sun zo garinku, daga Korgom da Hawandawaki har Urafan, daga Kanambakashe har Gidan Amumun, ku fito da awakinku da tumakinku duka, har na cikin gida waɗanda mata ke ɗaurewa. Wadda aka ɓoye ita ke ajiye cutar a gari.

Bisar da kuka sayo daga kasuwa ko aka kawo muku habbanaye, ku ware ta kwana 21 kafin ta shiga turke. Da kaka kuma ku tanadi harawa da dussa, ku ware kaɗan don mai jinya, domin ciwo ba ya sallama.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali da wurin taron mata. Mai tambaya ya zo ma'aikatar kiwo ta Tasawa ko ta Mayahi, ko ya samu malamin kiwo mafi kusa da shi.

Allah ya ba bisashenmu lafiya, ya sa albarka a turke.